Langar Yaya Asabe

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kiyaye ka a hanyar da za ka hau ranar Asabar, ya sauke ka lafiya a ƙauyen nan na bayan Giwa inda ka ce za ka kafa ikkilisiya, ya kuma haɗa ka da mutanen kirki.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da ciwon nan ya shanye mini ɓarin hagu, bakina ya karkace, in na buɗe shi sai yawu da gurnani. Kai kuma in ka shigo gaishe ni idonka na kan waya, kana "To Baba, to Baba," alhali ko kalma ɗaya ba ka ɗauka ba. Ban ga laifinka ba. Bakin da ya yi shekara da shekaru yana hana Wusasa sakat da lasifika, yau ko ruwa ba ya iya roƙa sai da nuni. Hannun dama ne ya rage mini, da shi zan yi maka wa'azina na ƙarshe, kuma wannan karon ba ka da damar cewa amin don in yi shiru.

Bakina ne ya mutu, kunnena na nan garau. Ina kwance na ji ka da Babbar Sallar nan, kana zaune a tsakar gida da samarin da za su bi ka, lokacin da Hajiya maƙwabciyarmu ta aiko da nama. Ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, ka ce, "A mayar mata, gidan nan mun daina cin wannan." Na kuma ji ka shekaranjiya, da mahaifiyarka ta gaya maka an aiko daga Ƙofar Kibo cewa jikin Goggonka Asabe ya yi tsanani, tana son ka je ku yi sallama. Ka ce, "Mama, ba ni da lokacin shiga birni, aikin Ubangiji yana jirana." Muryata na ji tana fitowa daga bakinka, har da yadda kake jan ƙarshen magana. Mutane sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna nufin yabo. Ni dai da ka yi rarrafen da ya fi mini.

Bari in gaya maka wace ce matar da ba ka da lokacinta. Ka san a Ƙofar Kibo aka haife ni, a gidan malamai, ka san kuma sunana na gida Ɗanlami, Yakubu sai daga baya a wurin baftisma. Abin da ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba shi ne, Innarmu ta rasu ban iya tafiya ba, Yaya Asabe ce ta goya ni har ƙafata ta yi ƙwari. Da na yi karatu a Wusasa na karɓi Yesu, mahaifinmu ya sa aka fitar mini da kayana zaure, ya ce kada wanda ya ƙara kiran sunana a gidan. Kowa ya bi umarni sai ita. Ina raɓe a shagon wani abokina a bakin ganuwa, kullum da la'asar sai ga ta da tuwo a cikin wata langa mai murfi, langar Inna, mai zanen fure ja, wadda gefenta ya ɗan ɓalle. Na ce mata, "Yaya, za ki ja wa kanki." Ta ce, "Ci ka ba ni langata. Hanyar da ka ɗauka ba ta yi mini daɗi ba, ba kuma za ta taɓa yi mini ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Da na yi aure na zauna a Wusasa ina koyarwa a firamare, langar nan ce ta riƙe mana zumunci. Bayan Babbar Sallah, da an gama suya, Yaya za ta ciko ta da nama ta kawo da ƙafarta. Langa za ta zauna a wurinmu har Kirsimeti, don a gidanmu ba a mayar da kwano wayam. Ranar Kirsimeti mahaifiyarka za ta kira Malam Idi mahauci ya yanka kaji, saboda Yaya da 'ya'yanta su ci da kwanciyar rai, ta cika langar da shinkafa da miya, in ɗora a bayan keke in kai birni. Ba ta taɓa ce mini in dawo masallaci ba, ni ma a lokacin ban taɓa tsare ta da wa'azi ba. Ita ce langar da ka taso kana gani a kan kabad, wadda in ka tambaya sai mahaifiyarka ta ce ka tambayi Fasto.

Yanzu ga yadda na zama Faston. A cocinmu an so a tura mai bishara wani sabon reshe, na sa rai ni ne, har na ɗinka kwat. Dattawa suka zauna suka zaɓi wani. Baba Yohanna, tsohon fastonmu, ya kira ni ya ce, "Yakubu, kana da baki, kana da himma, haƙuri ne bai nuna ba tukuna. Ka ƙara zama a ƙarƙashin wani." Na fita ina huci. Mako bai zagayo ba na fara gaya wa mutane cewa Ubangiji ya yi mini magana, ya ce in fito daga cikin waɗanda suka yi sanyi. Ishaku, ba wanda ya yi mini magana sai zuciyata. Fushi ne na yi masa wanka, na sa masa kwat ɗin nan, na raɗa masa suna kira. Na kwashi samari da wasu matan zumunta, muka kafa benci a wani ɗaki mai rufin kwano a bakin hanya, muka rubuta suna mai tsawo a allo.

Na ji kai ma kana cewa dattawan cocinku sun yi sanyi. Wataƙila sun yi ɗin, tsufa ba ya zuwa da zafi. Amma kafin ka hau mota ka shiga ɗaki kai kaɗai, ka ajiye wayar, ka tambayi kanka ko akwai wanda kake so ya ji haushi in cocinka ta cika. In fuskar wani ta faɗo maka a rai, to ba ka shirya ba. Ka je ka durƙusa gaban dattawan nan su sa maka albarka, ko da za su ɓata maka rai da dogon jawabi. Ni ban yi ba. Baba Yohanna ya rasu ina jin nauyin haɗa ido da shi, a jana'izarsa can baya na tsaya kamar baƙo.

Da muka buɗe, na ɗauka kishin Allah da ƙara ake auna shi. Na sayi lasifika na ɗaure a saman rufi, na juya bakinta wajen gidajen maƙwabta, in sun yi ƙorafi in ce tsanani ne saboda bishara. Sujada tun hantsi har la'asar sakaliya, wanda ya tashi fitsari in kira sunansa daga bagade. Na ɗora wa mutane dogon azumi, na ce babu wanda aka ɗauke wa, har da mahaifiyarka, tana goye da kai ba ka ko fara zama ba. Ta ce, "Malam, yaron nan nono yake sha." Na ce matar Fasto ce za ta fara nuna misali. Ta yi biyayya, nono ya ƙafe, ka rame har ana ƙirga haƙarƙarinka, ni kuma ina kan bagade ina gode wa Allah don Ruhu yana aiki. Labari ya kai birni. Yaya ta zo da kunun kanwa a jarka, ta zaunar da mahaifiyarka ta tsare ta sai da ta shanye, ta dinga zuwa har ka murmure. Ni ko kallona ba ta yi ba, sai da za ta tafi ta ce, "Ɗanlami, mu da ka ce muna cikin duhu, mai shayarwa an yi mata rangwame."

Saboda haka ka ji ni da kyau. Himmar da ta kama ka yanzu na san daɗinta, tana sa mutum ya ji kamar shi kaɗai Allah ya sani. Wutar kara ce, ta tashi fuu ta haska unguwa, kafin ka ɗora tukunya ta zama toka. Wadda ke dafa abinci garwashi ce, ba ta da kwarmato. In kana son mutanenka su ƙaunaci Allah, ka bari su ga kana addu'a ranar da babu mai ɗaukarka a waya. Ka san wanda ya kwana da yunwa a cikinsu, ka san mai ciki da mai jego da mai ciwon suga kafin ka buɗe baki ka ce azumi. Manoma za ka tarar a can, in damina ta faɗi kada ka riƙe su a benci gona tana jiransu don kawai kana jin daɗin muryarka. Kuma ka juya bakin lasifikarka ciki, wanda yake son ji zai shigo.

Duk waɗannan da sauƙi a kan abin da zan faɗa maka yanzu. A shekarar da ka fara tafiya, Lahadin da ta gabaci Babbar Sallah, na yi wa'azi mai zafi a kan naman layya. Na ce duk wanda ya ci ya ƙazantu, na sa kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Ban yi don wani nazari ba, na yi ne don in nuna mun fi cocin da muka baro tsarki, tun da su suna karɓa suna godiya. Wallahi ko tunawa da langar ban yi ba sai da na sauko, mahaifiyarka ta tare ni ta ce, "To Fasto, in Yaya ta zo fa?" In ta kira ni Fasto maimakon Malam, na san ranta a ɓace yake. Na ce Allah zai ba ni hikima.

Ta zo kuwa, ranar Lahadi, muna tsakiyar sujada. Ta zauna a gindin dogonyaron da ke gaban cocin, langa a cinya, ɗaure da ɗankwali. Na hango ta ta taga, sai na ƙara tsawaita wa'azin ko za ta gaji ta tafi. Ba ta tafi ba. Azahar ta yi, ta shiga gidanmu ta yi sallarta a tabarmar da mahaifiyarka ke ajiye mata, ta dawo ta zauna. Da muka fito jama'a na bayana, waɗanda na sa suka ɗaga hannu, kowa ya zuba ido ya ga abin da Fasto zai yi. Ta miƙe da fara'arta ta ce, "Ɗanlami, kun sha addu'a. Ga naku, na sa maka hanta da yawa."

Da ni kaɗai ne da na karɓa da hannu biyu, Allah ya sani. Idon mutane na ji wa tsoro. Na maida hannuwana baya na ce, "Yaya, mun daina cin wannan." Ta ce, "Wanne?" Sai na ɗauko wata aya, na fizge ta daga inda take, na jefi yayata da ita da ƙarfi yadda na baya za su ji. Wani a cikin samarin ya ce halleluya. Ta tsaya tana kallona, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "A cikin langar nan ka ci tuwo lokacin da Baba ya kore ka. Ranar ba ka tambaye ni sunan wa na kira a kansa ba." Ta sunkuya ta ajiye ta a gaban takalmina. Ta ce, "Ba zan ratsa birni da ita cike a ce ƙanena ya maido ni ba. Ka riƙe. Ranar da ka ga dama, ka san hanyar Ƙofar Kibo." Ta gyara mayafi ta tafi. Na sa aka haƙa rami a bayan coci aka binne naman, muka yi waƙar nasara a kai. Mahaifiyarka ta wanke langar tana hawaye ta ɗora a kan kabad.

Daga baya na koma na karanta abin da ke gaban ayar nan da abin da ke bayanta, ashe ba abin da take faɗa ke nan ba. Kada ka fahimce ni a karkace. Ban taɓa nadamar bin Yesu ba, ko ranar da aka watso mini kaya zaure. Abin da ke cin raina shi ne na laƙa masa aikin da bai aike ni ba. Matar nan ta yi mini abin da nake hawa bagade ina koya wa mutane, ni kuma na saka mata da abin da aka yi mini a gidanmu, har nawa ya fi muni, don mahaifinmu bai tara jama'a su yi masa tafi ba. In wata rana ka ga kana shirin yin abu don idon mabiyanka, ka tsaya. Makiyayin da ke tsoron tumakinsa ya riga ya ɓata.

Kirsimeti ta zo, mahaifiyarka ta sauko da langa, na ce ta mayar. Ta ci gaba da kai ka gaishe da Goggonka, wannan ban iya hana ta ba, amma langar kam, ta ce ba za ta taɓa ɗauka ba. "Ba ni na ƙi ba. Wanda ya ƙi, shi zai kai." Shekaru suka yi ta tafiya. Cocin kuwa ka san ƙarshenta. Bulus, mataimakina, wanda ya ce halleluyar nan, ya miƙe wata Lahadi ya ce Ubangiji ya yi masa magana, Fasto ya yi sanyi. Ko kalma ɗaya bai canza ba daga abin da na faɗa a kan Baba Yohanna. Ya kwashi samarin, ya kwance lasifikar ya tafi da ita. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ɗakin nan yanzu injin niƙa ne a ciki, can ake aikenka kai markaɗe kana yaro, kuma maƙwabta sun ce ƙarar ba ta canza sosai ba.

Za ka ce to me ya hana ni zuwa bayan nan. Da farko girman kai ne, daga baya kunya, kuma su biyun uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kirsimetin da ta gabaci ciwona na sa aka cika langar, na hau keke napep har Ƙofar Kibo, na sauka na shiga lungun da ƙafa. Ina kaiwa bakin zauren na ji muryarta a ciki tana yi wa jikoki faɗa a kan an bar mata buta a rana. Sallama kawai ta rage in yi. Na tsaya har wani mai wucewa ya tambaye ni ko gidan wa nake nema, ni da aka binne cibiyata a gidan. Na ce na yi ɓatan kai ne. Na juyo da shinkafar ta huce, na ce wa kaina sai baɗi. Baɗin ta same ni a kwance. Da na sani ƙeya ce, Ishaku, ga ni ina ta waiwaye ban gan ta ba.

Ga inda muke yau. Yaya idonta ya rufe, ba ta tashi daga gado, an ce abinci ma sai da lallashi. Ni ga ido ba baki, ita ga kunne ba ido. In na rubuta ba za ta gani ba, in na yi magana ba za ta gane ba. Wa'azin da na yi a duniya ba ya ƙirguwa, amma kalma biyu da ya kamata in faɗa na ajiye su har aka ƙwace bakin. Kuma ka san birni ba irin namu ba ne da ake ajiye gawa a jira na nesa. In ta cika da hantsi, kafin la'asar an rufe ta. Kana can bayan Giwa saƙo zai same ka an riga an watse.

Saboda haka ga roƙona, ban ce umarni ba, don na ba da umarni a rayuwata har ya ishe ni. Gobe Juma'a. Mahaifiyarka ta riga ta yi magana da ɗan Malam Idi zai zo ya yanka kaza da safe. Ba Kirsimeti ba ce, amma ba mu da tabbacin kaiwa Kirsimeti, daga ni har Yaya. Ka ɗauki langar ka shiga birni kafin a cika hanya da masu zuwa masallaci. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sa mata ita a hannu. Za ta shafa gefen tana neman inda ya ɓalle, ka ƙyale ta ta nema. Kada ka yi mata wa'azi, kada ka ce Fasto Yakubu, ba ta san wani mai wannan suna ba. Ka ce, "Goggo, Ɗanlami ne ya aiko, ya ce ki yafe masa." In ta sa an kawo maka abinci, ka ci ka suɗe hannu. In ta ce a kawo ni, ka dawo ka ɗauke ni. Keke ba ya shiga lungun, sai dai ka goya ni, kuma ba zai zama karo na farko da aka ratsa lungun nan da ni a goye ba.

In kuwa har yanzu ba ka da lokaci, ba zan yi maka baki ba, ba ni ma da bakin. Sai dai ka sa langar a cikin kayanka ka tafi da ita, ka samu kabad a sabon gidanka ka ɗora, ka dinga kallonta kafin ka fita wa'azi. Ita ce abin da cocina ta bar mini, ba ni da wani gadon da ya wuce ta.

Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin masu yabo. Ya ba ka ƙaunarsa irin wadda ba ta buƙatar 'yan kallo, ya sa ikkilisiyar da za ka kafa ta fi tawa tsawon rai, ya sa maƙwabtanka su yi kewarka ranar da ka tashi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce tun jiya ta sauko da langar ta wanke. Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai, amin.

Ni ne mahaifinka,
Yakubu, wanda mutum ɗaya ta rage a duniya mai kiransa Ɗanlami.